Cikin fari: abinda zakiyi tun daga ɓatan wata har ki gama jego

Mai cikin fari tafi kowa buƙatar bayani amma ita tafi kowa rasa shi, saboda kunya ta rufe bakin kowa. Ke bazaki iya tambayar Umma ba, Umma ma tana kara bazata fara miki zancen ba, uwar miji sai dai ta dinga binki da kallo tana lissafi a zuci, shi kuma oga iyakarsa "ya jikin", a haka yarinya zata kai wata shida bakwai bata taɓa taka asibiti ba ana cewa ai lafiyarta ƙalau tunda tana girki tana shara. To ƙanwata ki ajiye kunyar nan gefe mu bi abin daki-daki.

Abu na farko kafin komai, ki nemo ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe, ranar da jinin ya FARA zuwa ba ranar da kikayi wankan tsarki ba, nan mata da yawa ke kuskure. Ki rubuta a waya ko bayan littafi dan duk asibitin da kikaje ita zasu fara tambayarki. Daga ita ake lissafa ciki, sati 40 ne wato kwana 280. Lissafin ba wuya, ki ƙara kwana 7 akan ranar sannan ki ƙara wata 9, misali kin fara gani 10 ga Janairu, ƙara 7 ya zama 17, wata tara gaba ya faɗa 17 ga Oktoba. In da watan Musulunci kike lissafi kamar yawancinmu to kwana 280 wata tara da rabi ne, wadda ta gani farkon Muharram sai ta sa rai wajen tsakiyar Shawwal. Kuma ki sani ranar nan kintace ce kawai, mata kaɗan ne ke haihuwa a kanta daidai, daga sati 37 zuwa sama ciki ya isa haihuwa, in kuma ya wuce sati 41 shiru to ki koma asibiti su san abin yi, kar ki zauna ana ce miki ai ɗan fari dama yana daɗewa.

In kinga al'ada ta wuce da sati ɗaya ki sayi tsinken gwaji a kemis, ba tsada, ki gwada da fitsarin farko na safe, layi biyu ciki ne. Daga ranar ki daina shan magani barkatai. Ciwon kai ko ciwon jiki paracetamol ya isheki, su ibuprofen da diclofenac da haɗin nan da mai kemis ke ƙullowa a leda kala biyar ki rabu dasu, haka kayan mata da matsi da su tsimi da baki san me aka zuba ciki ba, a dakata. In kuma dama kina kan maganin hawan jini ko suga ko farfaɗiya ko na asma, kar ki yanke shi da kanki, ki ɗauki kwalin kije wajen likita ya duba ko zai canza miki. Sai folic acid, ƴar ƙwayar nan ƙarama ruwan ɗorawa, ki fara sha kullum tun yanzu, ita ke taimakawa wajen haɗuwar ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri kuma wannan aikin a satittikan farko yake ƙarewa, lokacin da da yawa basu ma san suna da ciki ba, shiyasa wadda ta fara sha a wata biyar ta riga ta makara ta wannan ɓangaren duk da zai mata amfani wajen jini.

Yanzu maganar fara awo. Ana so ki yanki kati kafin ciki ya cika sati 12, wata uku kenan. Nasan abinda za'a ce miki, wai ba'a fallasa ƙaramin ciki saboda baki da mayu, to ki ɓoye ma ƴan unguwa da ƴan Facebook, babu wanda ya hanaki, amma nas ba ƴar unguwa bace. Da can zuwa huɗu ake cewa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida shi takwas: na farko cikin sati 12, sai sati 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Kinga yadda suke matsowa kusa da juna a ƙarshe, dan a ƙarshen ne matsala tafi tasowa. Asibitin sha ka tafi na unguwarku ma ya isa in ba wata lalura kike da ita ba, ƴan uwanmu na Nijar su ƙaramin asibitin da suke kira CSI suke zuwa, awon kuma suce masa CPN, duk abu ɗaya ne. Ki fita da wuri dan layi, kici abinci kafin ki fita, ki tafi da ruwa, kuma lakcar nan da nas keyi da safe kafin a fara kiran suna wadda mata ke surutu a kai, ki matsa gaba ki saurara.

Ranar farko za'a miki tambayoyi, ki faɗi gaskiya, in kin taɓa ɓari ki faɗa, in akwai tagwaye ko suga ko hawan jini a danginku ki faɗa, in Ummanki ko yayarki ta taɓa jijjiga wajen haihuwa wannan ma ki faɗa dan yana bin dangi. Za'a ɗibi jini a duba yawansa, da rukuninsa, da sikila, da ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a duba fitsari. Kar ranki ya ɓaci dan ance gwajin ƙanjamau, kowa ake ma, kuma amfaninsa shine ko an samu akwai maganin da uwa zata sha ɗa ya fito lafiya lau bai ɗauka ba. Sikanin kuma ki samu kiyi ko sau ɗaya ne kafin sati 24, na farkon ciki yafi faɗin ainihin kwanakinsa, kuma shi zai nuna ko ɗaya ne ko biyu da inda mabiyiya ta kwanta. Ba dan sanin mace ko namiji akeyinsa ba, duk da nasan shi kike so kiji.

Katin nan da ake baki, yawancin mata a jaka yake kwana har wata ya zagayo basu taɓa buɗewa ba, alhali labarin jikinki ne a ciki, to bari in karanta miki shi. Inda aka rubuta LMP ranar al'adarki ta ƙarshe ce, EDD ranar da ake sa ran haihuwa. BP awon hawan jini ne, lamba biyu zaki gani ɗaya kan ɗaya, in ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 to ya hau, kar ki bar ɗakin sai kin tambayi me za'ayi kuma yaushe zaki dawo. PCV yawan jini ne, in ya sauka ƙasa da 33 jininki ya fara ƙasa, in yana wajen ashirin da wani abu to abin ya zama babba. A layin fitsari in kika ga an sa alamar + a gaban protein musamman ga BP ya hau, wannan alamar ciwon da ke kawo jijjiga ce. Tef ɗin da suke aunawa daga mara zuwa saman ciki, bayan sati 24 lambar tana tafiya kusan daidai da satin cikin, sati 30 wajen santimita 30, ƙari ko ragin biyu ba komai. Bugun zuciyar jariri 110 zuwa 160 a minti. In an rubuta cephalic kai ne a ƙasa, breech kuma a zaune yake, kafin sati 36 ba abin tashin hankali bane yana iya juyawa. Sai rukunin jini, ki duba ko akwai neg ko alamar ragi a gabansa kamar O neg, in haka ne akwai allurar anti-D da ake miki cikin awa 72 bayan haihuwa ko bayan ɓari, ke mai cikin fari ke tafi shafa saboda ƴaƴan gaba take karewa, kuma tana da ɗan tsada gara oga ya sani da wuri.

In nas tayi rubutu tayi shiru kice "Anti dan Allah nawa BP ɗina yau, jinina nawa ne". Wata zata amsa da fara'a wata zata haɗe rai saboda mata ɗari na jiranta a waje, ki jure ki sake tambaya cikin ladabi, haƙƙinki ne.

Magungunan awo guda nawa ne kacal amma kowanne da aikinsa. Jar ƙwayar ƙarin jini kullum ake sha har a haihu har bayan haihuwa, zata maida bayan gida baƙi wannan ba komai, in tana tada miki zuciya ki sha bayan abincin dare, kuma kar ki kora da shayi dan shayi na hana jiki zuƙar sinadarin, ki bada tazarar awa ɗaya biyu, da lemon zaƙi ko ruwa yafi. Masu cewa tana sa ɗa yayi ƙato a kasa haifarsa ba gaskiya bane, abinda take yi shine ranar haihuwa in jini ya zuba ya tarar kina da na ajiya. Fansidar ƙwaya uku ake haɗiya lokaci ɗaya, ana farawa daga sati 13, tsakanin sha da sha wata guda, a samu aƙalla sau uku kafin haihuwa, ko bakya zazzaɓi zaki sha domin maleriya na iya laɓewa a mabiyiya tana shanye jininki tana tsumburar da ɗa ke baki ji komai ba. In kina shan Septrin kullum ko magani mai sinadarin sulfa na miki borin jini ki faɗa musu kafin su baki. Gidan sauro kuma a ɗaura shi a kwana ciki, ba a rufe tumatir dashi a lambu ba. Allurar tetanus ta kafaɗa ana yi ranar farko, ta biyu bayan sati huɗu, su biyun nan suke kare jariri daga ciwon sandarewa ta cibiya, ta uku bayan wata shida, sauran biyun shekara-shekara, in kika cika biyar kin gama da ita.

Abinci ba sai mai tsada ba. Wake, ƙwai, kifi ko busasshe ne, gyaɗa, zogale, alayyahu, rama, kabewa, miyar kuka, ɗan nama in ya samu, gwaiba da lemo da kankana, ruwa da yawa. Lokacin laulayi ki dinga ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki ajiye busasshen biredi ko biskit kusa da gado ki ɗan ci kafin ki miƙe, citta ma na rage tashin zuciya, amma in amai ya kai ko ruwa baya zama kwana guda cur to sai asibiti a miki ƙarin ruwa. Nonon da ba'a dafa madararsa ba ki kiyaye, goro da kofi a rage. In kika ji kina kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara ko gawayi ki faɗa ranar awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Azumi kuma addini ya miki sauƙi, ki tambayi likita ki tambayi malam, kar ki ɗaura ma kanki dan kar ace kin gaza.

Sai zancen zaƙi, wannan kam sai kin dage. Daga wata bakwai za'a fara kawo miki jiƙe-jiƙe da saiwoyi a galan wai a wanke zaƙi dan haihuwa tazo da sauƙi, majinar da ke fita gab da naƙuda ace ai zaƙin ne ke fita, alhali toshiyar bakin mahaifa ce kowace mace na fitar da ita ko ta sha ko bata sha ba. Matsalar jiƙon ba wanda ya san ƙarfinsa, wani gudawa zai saki ki bushe, wani ya tada naƙuda da ƙarfi bakin mahaifa bai buɗe ba ɗa ya galabaita. Addu'a kam ki riƙe ta hannu bibbiyu, amma galan ki karɓa kice an gode Allah ya saka, ki tura ƙarƙashin gado, ba sai kinyi musu da uwar miji ba.

Motsin ɗa mai cikin fari takan fara ji wajen sati 18 zuwa 20, da farko kamar iska ce ke yawo a ciki. Daga wata bakwai ki san lokutan da ɗanki ya saba motsi, ranar da kikaji yayi sanyi ki sha ruwa mai sanyi ki kwanta ta gefen hagu ki ƙirga, in awa biyu ta wuce bai kai goma ba ki tafi a saurari zuciyarsa a ranar, ba gobe ba. Kwanciyar gefe dama ita akafi so a watannin ƙarshe, rigingine na danne jijiyar jini.

Waɗannan kuma ki haddace su ki karanta ma oga shima ya haddace, duk wanda kika gani ba jiran ranar awo, ba jiran gari ya waye: jini ko ɗan kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da baya jin paracetamol, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu har zobe ya matse, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama ko saman ciki, zazzaɓi, haki kina zaune, ruwa ya ɓalle kafin lokaci, ciwon mara mai tsanani, da jijjiga. Jijjigar nan tafi kama masu cikin fari da ƙananan shekaru, kuma mu a nan da mace ta fara sai ace iska ce a kawo hayaƙi a danna cokali a baki, wallahi hawan jini ne, akwai allurar magnesium sulphate da ake tsaida ita a asibiti. A kwantar da ita ta gefe kar a ɗura mata komai a nemi mota.

Wata bakwai in yayi ki zaunar da oga kuyi maganar da ba'a so ayi. A ina za'a haihu, kuma asibitin suna aiki da dare? In abu ya gagara ina zasu tura ki, can ɗin suna tiyata suna da jini? Wa zai kaiki ƙarfe biyun dare, a karɓi lambar mai mota ko mai adaidaita mutum biyu a unguwa, a wasu jihohin ma akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar dan kai masu naƙuda, ku tambaya a tasha. Wa zai bada jini in an buƙata, a san mutum biyu tun yanzu. A ware kuɗi daban wanda ba na ragon suna ba. Sannan babbar magana, ya baki izini tun yanzu a gaban mahaifiyarsa cewa ko baya gari ko wayarsa bata shiga duk wanda ke kusa ya kaiki asibiti, kuma in likita yace tiyata wani ya sa hannu, mata da yawa jiran wannan izinin ne ya cinye musu lokaci. In goyon ciki zaki tafi gida ki tafi da katinki da duk takardun gwaji da na sikanin, sati na farko ki nemi asibitin can ki nuna kanki su sanki, kuma a maimaita duk tambayoyin nan da Abba ko yayanki.

Jaka ki haɗa a sati 34 zuwa 36: zannuwa tsofaffi masu tsafta da yawa, audugar mata manya, kayan jariri da hula da safa da tawul, sabulu, fitila ko tocilan, caja, kati a saman komai. Kowane asibiti na da jerin abinda suke cewa a kawo kamar safar hannu da leda, ki karɓa ranar awo.

Naƙudar gaskiya ciwon na farawa daga baya ya zagayo mara, yana zuwa yana tafiya akan lokaci, yana ƙara ƙarfi yana matsowa kusa, ko kin canza kwanciya baya bari. Ta ƙarya kuwa in kika zagaya ko kika huta sai ta lafa. In ya zama duk minti biyar yana zuwa ya ɗau kamar minti guda har awa ɗaya a haka, ku kama hanya, in gidanku da nisa kar ma ki jira hakan. In faya ta fashe ki tafi ko ba ciwo, ki lura da kalar ruwan, in kore-kore ne ku hanzarta. Nasan ana yabon wadda ta shige ɗaki ta haihu ita kaɗai ba wanda yaji ko tarinta, ace jaruma ce, amma ƙugunki ba'a taɓa gwada shi ba, ba wanda ya san ko kan ɗa zai wuce sai an gani, kuma doguwar naƙuda a gida ita ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina da sashen yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano, kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har wajen ya mutu ya huje. Yankan gishiri ma kar ki bari a miki, baya buɗe hanya sai ɓarna. A asibiti bakin mahaifa sai ya kai santimita 10, na fari yakan ɗau awa goma sha wani abu, ki dinga zagayawa kina kurɓar ruwa kina fitsari akai-akai, kar kiyi nishi sai ance kiyi. In akace tiyata ba gazawa bace kuma ba wai shikenan kullum sai tiyata ba.

Da ɗa ya faɗo za'a miki allura a cinya dan mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, a goge shi a ɗora miki a ƙirji fata da fata, wanka ya jira sai bayan awa 24. Ki sa shi a nono cikin awa ta farko, ruwan farko mai kauri ruwan ɗorawa wato dakashi shine rigakafinsa na farko, kar a matse a zubar wai mugun nono ne, kar a bashi ruwa ko madara, nono zalla har wata shida ko ana zafin Afrilu. Cibiya man chlorhexidine ake shafawa, ba man goge baki ba, ba gashi da tsumma ko toka ba. Kafin ku bar asibiti a masa BCG da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta. Ki daure ki kwana, awa 24 na farko ne jini yafi ɓallewa, in kika ga kina jiƙa ƙunzugu ɗaya bayan ɗaya cikin ƙanƙanin lokaci ko gudaji manya ko jiri ki kira nas da ƙarfi.

Jego kuma, ruwan wanka ya zama mai ɗumi da jiki zai ɗauka ba tafasasshe da zai sale fata ba, mai ɗinkin tiyata ta bi abinda likita yace. Kunun kanwa a sassauta, kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini ko kumburi ta barshi gaba ɗaya tasha kunun gyaɗa. Ciwon zuciya bayan haihuwa sananne ne a Arewa, likitocin Zariya sunyi rubutu akansa tun shekarun 1970, alamarsa haki da kumburin ƙafa da tari in an kwanta, in kinji haka ko ciwon kai mai tsanani ko zazzaɓi ko jini mai wari, ko kuma baƙin ciki da kuka da ya wuce sati biyu baya tafiya, ki koma asibiti ko ba'ayi suna ba, zaman ɗaki na arba'in bai hana wannan fitar ba. Shima jariri in ya ƙi kama nono, ko jikinsa yayi zafi ko sanyi, ko idonsa da tafin ƙafarsa sunyi ɗorawa, ko cibiya na wari, a kaishi a ranar. In lafiya lau ne ma akwai dubawa a kwana na uku, da tsakanin sati ɗaya zuwa biyu, sai sati shida wanda ya faɗo daidai da rigakafinsa na gaba, ranar ki tafi da katinki da nasa, a auna BP da jininki, ki kuma tambayi nas hanyoyin tazarar haihuwa da suka dace da mai shayarwa tun kafin ki koma ɗakinki.